Asun Kaki da Danginsa: Bayani ga Masu Kiwon Zuma da Manoman Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zazzau. A gundumar Janfalan ta Ƙaramar Hukumar Ikara, da ƙauyukan Maƙarfi da na Kudan, kamar sauran sassan arewacin Jihar Kaduna, manomi kan haɗa noma da rataya amya a kan ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, domin samun zumar sha da ta magani da kuma ta sayarwa. Sai dai sau da yawa mai amya kan je cire zuma ya tarar ƙudan sun gudu, saƙar kuma ta koma baƙin gari haɗe da farar yana da tsutsotsi. Wannan ɓarna aikin wani ƙwaro ne mai fuka-fukai da ke yawo da dare, irin wanda Bahaushe ke kira faɗa-wuta. A wannan shafi za a kira shi asun kaki, domin yadda asu ke cin tufafi haka tsutsarsa ke cin kakin zuma.

Manufar wannan bayani ita ce a san ƙwaron da danginsa da yadda yake rayuwa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, asun kaki ba ya iya cin amya mai ƙarfi. Amyar da ta yi rauni, ko wadda aka yi wa sakaci, ita ce abincinsa. Haka kuma wasu 'yan uwansa na jini su ne ke ɓata hatsi a rumbu da huda rake a fadama.

Matsayinsa a Rabe-raben Masana

Masana halittu sun kasa ƙwari rukuni-rukuni, kamar yadda ake kasa mutane ƙabila da zuriya da gida. Asun kaki yana cikin babban rukunin da ake kira Lepidoptera, wanda ya haɗa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. Alamar wannan rukuni ita ce laushin garin da ke manne wa yatsa idan an taɓa fiffikensu. An san nau'i sama da 150,000 na waɗannan ƙwari a duniya.

A cikin wannan rukuni akwai babbar zuriya mai suna Pyraloidea, wadda ke da nau'i wajen 16,000. Ana yi wa 'ya'yanta laƙabi da masu dogon baki, domin akwai wasu sassa biyu a gefen bakinsu da suke miƙewa gaba kamar hanci. Dukansu suna da kunnuwa biyu a gindin ciki, kusa da ƙirji. A da masana sun ɗauke su gida ɗaya, amma daga baya aka raba su biyu saboda bambancin ƙirar kunnuwan nan:

1. Gidan Pyralidae, mai nau'i sama da 6,000. Masanin ƙwari ɗan ƙasar Faransa, Pierre Latreille, shi ne ya ba gidan wannan suna a 1809. Asalin kalmar daga harshen Girkanci take, daga sunan wani ƙwaro da mutanen dā suka ɗauka a cikin wuta yake rayuwa, ma'anar da ba ta yi nisa da faɗa-wutar Bahaushe ba.

2. Gidan Crambidae, mai nau'i wajen 10,000, wanda ya ƙunshi da yawa daga tsutsotsin da ke huda karan hatsi.

Gidan Pyralidae ya kasu ƙananan gidaje 5, wato Galleriinae da Chrysauginae da Pyralinae da Epipaschiinae da Phycitinae. Biyu daga ciki ne suka fi shafar manomin ƙasar Hausa. A gidan Galleriinae ake samun asun kaki da asun shinkafa da tsutsar rake, a gidan Phycitinae kuwa, wanda shi ne mafi yawan nau'i, ake samun asun da ke ɓata kayan ajiya a sito.

Ire-iren Asun Kaki

Asun kaki iri biyu ne, kuma ana samun su kusan duk inda ake kiwon zuma a duniya.

Babban asun kaki, wanda masana ke kira Galleria mellonella, shi ne mafi ɓarna. Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fara bayyana shi a rubuce a 1758. Launinsa toka-toka ne mai sirkin ruwan ƙasa. Tsawon jikinsa kan kai milimita 15 zuwa 20, idan kuma ya buɗe fuka-fukai faɗinsa kan kai milimita 30 zuwa 40. Idan ya sauka yakan rufe fuka-fukansa a bayansa kamar jinka. Macen ta fi namiji girma da duhu, kuma dogon bakinta ya fi fitowa fili. Ana gane namiji da ɗan lotsawa a ƙarshen fiffikensa na gaba.

Ƙaramin asun kaki, wato Achroia grisella, Johan Fabricius na ƙasar Denmak ya bayyana shi a 1794. Tsawonsa milimita 10 zuwa 13 ne, siriri, launin azurfa, kansa rawaya-rawaya. Tsutsotsinsa ba sa taruwa wuri ɗaya kamar na babban, kowace takan haƙa ramin kanta, kuma sukan zauna cikin dattin da ke taruwa a ƙasan amya.

Zagayen Rayuwarsa

Rayuwar asun kaki mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan ƙwaro mai tashi.

Ƙwai. Macen takan tunkari amya bayan faɗuwar rana, lokacin da ƙudan da ke gadin ƙofa suka rage kuzari. Idan ta samu shiga sai ta shiga, idan ba ta samu ba sai ta zura ƙwai ta tsagar jikin amya. Takan ajiye ƙwan curi-curi, 50 zuwa 150 a wuri ɗaya, a lungun da ƙudan zuma ba sa iya kaiwa. A rayuwarta takan zuba ƙwai 300 zuwa 600, wani lokaci fiye da haka. A yanayin zafi ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 5 zuwa 8.

Tsutsa. Wannan ne kaɗai matakin da ke ɓarna. Tsutsar kan fito ba ta wuce milimita 3 ba, fara, mai jan kai, sai ta kutsa tsakiyar saƙa tana ci tana saƙa ramin zare a kewayenta. Zaren nan shi ne garkuwarta daga harbin ƙudan zuma. Abincinta ya haɗa da kaki da garin fure da ƙudan suka adana da saɓar da 'ya'yan zuma suka bari a ramukan saƙa. Shi ya sa ta fi son tsohuwar baƙar saƙa wadda aka reni 'ya'ya a cikinta, a kan sabuwar farar saƙa. Takan yi saɓa wajen sau 7 ko fiye, har ta kai milimita 25 zuwa 28 cikin mako 4 zuwa 7.

Kwanci. Idan tsutsa ta ƙosa sai ta bar saƙa ta nemi jikin amya. A amyar katako takan ƙwaƙule itacen ta yi ɗan kwari mai siffar kwalekwale, sannan ta naɗe kanta da farin zare mai kauri. Sau da yawa akan ga waɗannan ƙunshi jere da juna. A nan jikinta ke rikiɗa, cikin mako 1 zuwa 2 idan da zafi, ko kusan wata 2 idan da sanyi.

Ƙwaro mai tashi. Wanda ya fito daga ƙunshin ba ya ci, ba ya sha, domin bakinsa bai ginu don cin abinci ba. Aikinsa kawai barbara da zuba ƙwai. Macen kan yi kamar kwana 12 a raye, namiji kuwa kamar mako 3. Namijin ne ke kiran mace, ta hanyar fitar da wani ƙamshi da kuma wani sauti siriri wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji.

Yanayin da ya fi dacewa da wannan ƙwaro shi ne zafin digiri 29 zuwa 33 na ma'aunin Salsiyos, wanda shi ne zafin da aka saba gani a wannan yanki a yawancin watannin shekara. A irin wannan yanayi zagayen kan cika cikin mako 6 zuwa wata 2, don haka yakan hayayyafa sau da dama a shekara guda. Sanyin hunturu yana rage masa sauri, amma ba ya kashe shi.

Dalilin da Ya Sa Yake Cin Wata Amya Ya Bar Wata

Kusan babu amyar da asu ba ya ziyarta. Bambancin yana ga ƙarfin ƙudan da ke ciki. Idan ƙudan suna da yawa har sun lulluɓe dukan saƙarsu, sukan gano ƙwai da ƙananan tsutsotsi su fitar da su waje, sukan kuma liƙe tsagogi da danƙon itatuwa. Amma idan yawansu ya ragu, wani sashe na saƙa ya zauna ba mai tsaro, nan asu ke kafa sansani.

Abubuwan da ke raunana amya sun haɗa da:

1. Mutuwar sarauniya ko tsufanta.
2. Ƙarancin fure, musamman a tsakiyar damina lokacin da ruwa ke hana ƙudan fita kiwo.
3. Cire zuma da wuta, wanda ke ƙona ƙudan da yawa, da kuma kwashe zumar ƙaf ba a bar musu abin ci ba.
4. Feshin maganin ƙwari a gonakin tumatir da barkono da wake a lokacin da suke fure.
5. Farmakin tururuwa da kwarkwasa, da yoyon ruwan sama.
6. Amyar da ta fi ƙarfin ƙudan da ke cikinta girma.

Har ila yau, ƙudan zumar Afirka suna da halin yin ƙaura idan an matsa musu. Da zarar tsutsa ta yi yawa sai su tashi gaba ɗaya su bar amyar. Saƙar da suka bari kuwa, cikin 'yan makonni tsutsa za ta cinye ta, sannan dubban asu su fito su bazu zuwa amyoyin maƙwabta. Saboda haka amya ɗaya da aka bari a kan itace ba a kula da ita ba tana iya zama masifa ga masu amya na ƙauye guda.

Alamomin Kamuwa

Mai amya zai gane asu ya shiga idan ya ga farar yana kamar ta gizo-gizo a jikin saƙa, ko baƙin kashi ƙanana-ƙanana a ƙofar amya da ƙasanta, ko ƙudan suna jawo tsutsotsi waje. A amyar zamani da ake iya buɗewa, akan ga layin ramukan 'ya'yan zuma a buɗe, kawunansu a waje, domin tsutsa ta bi ta ƙarƙashinsu. Wani lokaci kuma akan ga sababbin ƙudan sun kasa fitowa daga raminsu domin zare ya ɗaure musu ƙafafu da fuka-fukai, har su mutu a nan.

Danginsa a Gona da Rumbu

Tsutsar rake. Yankin Maƙarfi da Kudan ya shahara da noman rake da yin mazarƙwaila, saboda haka ya dace manoma su san cewa tsutsar raken Afirka, Eldana saccharina, gida ɗaya take da asun kaki. Francis Walker na ƙasar Ingila ya bayyana ta a 1865 daga samfurin da aka samo a Saliyo. Asalinta ciyayin fadama take ci, daga baya ta koma wa rake da masara da dawa. Macen kan zuba ƙwai a busasshen ganyen da ke manne da kara, tsutsar kuma ta huda gaɓoɓin ƙasa. Ta wannan huda ne cuta ke shiga, cikin raken ya yi ja, zaƙinsa ya ragu. Ta fi kama raken da ya sha ƙishirwa, da wanda aka cika wa takin yuriya, da wanda ya wuce lokacin sara.

Asun shinkafa, Corcyra cephalonica. Shi ma ɗan gidan Galleriinae ne. Duk da sunansa, yana cin gero da dawa da masara da gyaɗa da riɗi a ajiya. Tsutsarsa kan haɗe ƙwayoyin hatsi da zare su dunƙule.

Asun sito, Cadra cautella, da asun gari, Plodia interpunctella. Waɗannan 'yan gidan Phycitinae ne. Na farko yana addabar gyaɗa da dabino da hatsi a manyan ɗakunan ajiya. Na biyu ana gane shi da fiffike mai launi biyu, gindin fari-fari, ƙarshen kuma jan ƙarfe.

Tsutsar wake, Maruca vitrata. Wannan daga gidan Crambidae take. Tana cin furen wake da 'ya'yansa, kuma idan ta yi tsanani asarar kan kai kashi 80 cikin ɗari. Domin maganinta ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta samar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019.

Tsutsar karan gero, Coniesta ignefusalis. Ita ma daga gidan Crambidae take. Takan yi kwancin rani a cikin busasshen kara, har a karan da aka yi darni da shi, sannan ta fito da saukar damina.

Ya kamata a lura cewa ba kowace tsutsa ce 'yar wannan zuriya ba. Tsutsar tumatir, Tuta absoluta, wadda ta yi wa manoman Jihar Kaduna mummunar ɓarna a 2016, daga wani gida dabam take. Haka ma tsutsar masara mai cin ganye da ta ɓulla a Nijeriya a wannan shekarar. Wannan ne ya sa ake son manomi ya nuna wa malamin gona samfurin tsutsa kafin ya sayi magani.

Hanyoyin Kariya

Tun da an san rauni ne ke buɗe wa asu ƙofa, kuma a tsaga yake ƙwai, a tsohuwar saƙa yake girma, to a waɗannan wurare uku za a tare shi.

1. A riƙa duba amya a kai a kai, ba sai ranar cire zuma ba. Wanda ke da amyar zamani ya buɗe ta aƙalla sau ɗaya a wata, ya cire saƙar da ƙudan ba su lulluɓe ba, ya share dattin ƙasa.
2. A yaɓe amyar gargajiya da kyau, a toshe duk wata tsaga, a bar ƙofa ƙarama wadda ƙudan za su iya tsarewa.
3. A yi amfani da hayaƙi maimakon harshen wuta wajen cire zuma. A bar saƙar da ke da 'ya'ya, a kuma bar wa ƙudan rabonsu na zuma.
4. Duk amyar da ƙudan suka bari a sauke ta nan take. A kankare ta, a babbaka cikinta da wuta sama-sama domin kashe ƙwai da ƙunshin tsutsa, kafin a turara ta a mayar.
5. Kada a zubar da saƙar da aka matse a gindin itace ko bayan gida. A narka ta a ruwan zafi, a tace da tsumma ko buhu, a bar kakin ya daskare. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, zafin da ke kashe asu a kowane mataki. Tataccen kaki ba ya jan asu sosai, kuma haja ce mai kasuwa wurin masu man shafawa da kyandir da dukawa.
6. Wanda ke son adana saƙa ya rataya ta inda haske da iska ke ratsawa, kada ya tara ta a duhu. Inda ake da firji mai daskarewa, kwana ɗaya a cikinsa ya isa ya kashe ƙwai da tsutsa.
7. Kada a sa kafur, ko maganin feshi, ko ƙwayar hayaƙin da ake sa wa buhun hatsi, a cikin amya ko kusa da zuma. Kaki yana shan guba ya riƙe ta, kuma za ta kashe ƙudan ta cutar da mai shan zumar.
8. Manoman da ke feshi su yi shi da yamma lis, bayan ƙudan sun koma, su kuma sanar da masu amya na kusa.

Dangane da rumbu kuwa, ƙa'idar ɗaya ce. A share rumbu ko sito, a liƙe tsagogi, a ƙona tsohon datti kafin a zuba sabon amfani. Kada a haɗa sabon hatsi da tsoho. A busar da hatsi sosai, sannan a yi amfani da buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko duro mai murfi da iska ba ta shiga, domin rashin iska yana kashe tsutsa ba tare da magani ba. Manomin rake kuma ya zaɓi iri mai lafiya, ya sare rake daga gindi, kada ya bar shi ya wuce lokaci.

Amfanin da ke Tattare da Shi

Duk da ɓarnarsa, asun kaki yana da nasa amfani. A daji, shi ne ke cinye tsohuwar saƙar da ƙudan suka bari a kogon itace, wadda za ta iya zama matattarar cuta. Tsutsarsa abinci ce mai maiƙo ga kaji da kifi, kuma a wasu ƙasashe kiwonta ake yi don sayarwa. Masu binciken magunguna suna gwada ƙarfin ƙwayoyin cuta a jikinta, domin tana jure zafin digiri 37, wato zafin jikin ɗan Adam.

A 2013 masu bincike a Jami'ar Strathclyde ta ƙasar Birtaniya sun gano cewa babban asun kaki yana jin sautin da ya kai kilohaz 300, alhali kunnen mutum ba ya wuce 20. Wannan kaifin ji yana taimaka masa wajen kauce wa jemage. A 2017 kuma wata masaniya mai aiki a ƙasar Sifen, Federica Bertocchini, wadda ita ma tana kiwon zuma, ta ba da rahoton cewa tsutsar tana huda leda tana narka ta. A 2022 ita da abokan aikinta suka gano sinadarai biyu a yawun tsutsar da ke wannan aiki.

Kammalawa

Asun kaki ba annoba ce da ke saukowa rana ɗaya ba. Yana shiga ne a hankali ta inda aka bar masa ƙofa, kuma maganinsa mafi inganci ba ya buƙatar kuɗi, sai kula da tsafta. Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da su ƙarfafa wa masu amya gwiwa su haɗa kai, su tsayar da lokacin duba amyoyi da sauke waɗanda ƙudan suka bari, domin kulawar mutum ɗaya ba ta isa idan maƙwabcinsa ya yi sakaci. Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malamin gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Zariya. Abin da ya shafi ajiyar amfanin gona kuwa, akwai ofishin cibiyar NSPRI a Kano.